Butar Azurfa ta Gidan Mu'allim

An yi wani mutum a birnin Tarabulus na ƙasar Lubnan, sana'arsa kayan zaƙi. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya da jikoki, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu a nan ba. Duk kasuwa Mu'allim ake ce masa, kamar yadda suke kiran duk wanda ya gwanance a sana'arsa. Mu ma haka za mu kira shi.

Ya 'yan uwa, ku bar ni in fara da yabonsa, don wallahi mutumin nan ya cancanci yabo. Kada wani ya gyara zama yana jiran labarin wani tantiri. Ba tantiri ba ne. Da kun san shi, da kun so a ce maƙwabcinku ne.

Idan ya sauke farantin kunafa da safe, wato zaƙin nan nasu da ake gasawa da cuku, tun daga bakin layi yawun mutum ke tsinkewa. Cukun yana miƙewa kamar ba zai tsinke ba, man shanu na tsatsafowa, ruwan sukarin bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Na ci da bakina, kuma har yau ban sake cin irinta ba. Leburori da alƙalai a layi ɗaya suke tsayawa, shi kuwa bai taɓa tsallake lebura ya sallami alƙali ba. Idan Sallah ta ƙarato, farantai suna fita ta ƙofar baya zuwa gidajen marayu da matan da mazansu suka rasu, kuma ma'aikacin da ya kuskura ya faɗi inda aka kai, to ya nemi wani wurin aikin.

Sannan Allah ya ba shi hanci. Kai, hanci! Yana bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, sai ya ɗaga kai ya ƙwala wa na ciki kira: "Ku sauke tukunyar nan, za ta kama!" A duba, haka ne. A ɗakin ajiyarsa na bayan shago akwai kanta cike da korayen kwalabe masu duhu, irin waɗanda rana ba ta ɓata abin da ke cikinsu. Wannan ruwan wardi ne, wancan ruwan furen lemu ne, can kuma ruwan tsami. Babu wadda aka rubuta wa suna. Matarsa Nuhad ta sha ce masa ya manna musu takarda, sai ya yi dariya ya taɓa hancinsa. "Ga takardar nan Allah ya manna mini a fuska, 'yar baffa. Me zan yi da wata?"

Amma abin da ya fi alfahari da shi a duniya ba shagon ba ne. Wata butar azurfa ce mai dogon siririn wuya, wadda kakansa ya bar wa ubansa, ubansa ya bar masa. Duk shekara ranar Maulidi, bayan sallar la'asar, masallacin unguwa yana cika maƙil. Idan mai karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai wurin haihuwa, jama'a sukan miƙe tsaye suna salati. A lokacin ne babban namijin gidan su Mu'allim yake bin sahu-sahu da butar nan, yana yayyafa wa kowa ruwan furen lemu a tafin hannu, mutum ya shafa a fuska da gemu. Ba a biyan kowa don wannan aiki, ba a kuma sayensa. Attajirai sun nema ba su samu ba. Shi kaɗai yake cika butar, a ɗakin ajiya, ƙofa a rufe, da alwalarsa, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Ɗansa Wa'il yana aiki a Kuwait, kuma an gama magana cewa in ya dawo gida shi zai karɓe ta.

Ana nan sai jarrabawa ta zo. Mu'allim ya fara rama, ƙishirwa ba ta barinsa, likita ya auna ya ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa. Ku duba ikon Allah. Mutumin da ya shayar da gari guda zaƙi, an ce ko lasa kada ya sake yi.

'Yan kasuwa ba su raga masa ba. Abu Zuhair mahauci, wanda rumfarsa ke kallon shagon, kullum sai ya ɗago wuƙa ya yi masa kirari: "Mu'allim, ka ga hakkin haƙoranmu ya kama ka! Zo ka koma sayar da nama, mu raba ciniki." Shi kuma ya mayar masa: "In na koma nama, wa zai riƙa wanke wa mutane baki bayan sun ci tsohuwar akuyarka?" A yi dariya a watse. Amma in ya juya ciki, fuskarsa takan canza.

Ya bi dokar likita sau da ƙafa, wannan ma abin yabo ne. Yana tsaye kan faranti tun asuba har azahar, ƙamshi na dukan hancinsa, bai kai ko ɓarɓashi bakinsa ba. Shayi ba sukari, abinci dafaffen ganye da gasasshen kifi. Nuhad ta zama 'yar sanda a gida, ko dabino ta gani a aljihunsa sai ta ƙwace. Jikinsa ya samu sauƙi, amma walwalarsa ta tafi. Ya zama mutum mai yawan shiru, abu kaɗan ya yi tsaki.

To, a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Kuna tsammani zai zo wa irin wannan mutum da mashaya da kiɗa da 'yan rawa? Ina! Ai ya san wanda yake nema.

Wani ɗan baffansa mai suna Gassan, wanda ya daɗe a Ostiraliya, ya zo hutu. Ya same shi a ɗakin ajiya bayan azahar, lokacin da ake sauke ƙofar shago a huta, yana cusa ganye kamar mai shan magani. Gassan ya girgiza kai, ya zaro kwalba daga jaka ya dire a kan tebur.

"Ɗan baffa, haka za ka ƙare rayuwarka, kana kiwo kamar tunkiya?"

Mu'allim ya kalli kwalbar ya ja da baya. "A'uzu billahi. Giya ka shigo mini da ita shago?"

"Wace giya? Wannan ba irin ta 'yan tasha ba ce. Inabi ne zalla, ba a zuba masa komai ba, ba sukari, ba sinadari. An bar shi ne kawai har zaƙinsa ya ƙone da kansa. Masu irin ciwonka a can ita suke sha. Kuma ka san wa ke yin ta? Tanyus ɗinka."

Tanyus wani dattijon Kirista ne, manomi a kan tudun bayan gari. Shekara da shekaru shi ke aiko wa shagon irin gyaɗarsu da ake sa wa a zaƙin baƙlawa, da zumar inabi, da ruwan furen lemun da matarsa ke dafawa ta tace. Tun zamanin iyayensu ake wannan hulɗa, ba a taɓa jin kansu ba.

Mu'allim ya kori Gassan da faɗa. Gassan ya fita yana dariya, amma ya bar kwalbar.

Ta kwana biyu a bayan buhun gari. Ya yi niyyar tuttular da ita a kwata, har ya buɗe. Sai ya ce bari dai ya sunsuna, ai sunsunawa ba sha ba ce. Ya 'yan uwa, mutumin da hancinsa ne rayuwarsa! Ya ji ƙamshin tuffa, ya ji na busasshiyar ciyawa da ruwan farko ya taɓa, ya ji wani abu kamar ɓawon burodi mai zafi. Ya daɗe rabonsa da wani abu ya faranta masa rai haka. Ya tsoma ɗan yatsa ya ɗora a harshe, kamar yadda yake gwada ruwan sukari a da. Daga nan ya zuba rabin kofin shayi.

Da ya gama, ya ɗauko na'urar awon suga ya soki yatsa. Sugan bai hau ba. Wannan ƙaramar na'ura ita ta ba shi fatawar da babu malamin da zai ba shi.

Washegari ya kira Tanyus a waya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga lafiyar iyali zuwa damina, kafin ya fito da maganar. Tanyus ya ce:

"Mu'allim, ni da kai ba ma yi wa juna ƙarya. Abin nan giya ce. Mu a wurinmu halal ce, ina yin ta da tsabta, ina alfahari da ita, ko a gaban wa zan faɗa. Amma kada wani ya ce maka don babu sukari babu maye. Sukarin ne ma ya zama mayen."

"Na sani. Magani nake so in yi da ita, ɗan kaɗan."

"Ni ba likita ba ne, manomi ne. Kai babba ne, ba zan hana ka ba."

"To abu ɗaya. Ka zuba mini ita a korayen kwalaben nan na ruwan fure, kada a manna komai."

"Wannan kam a'a," in ji Tanyus. "Giyata ba ta fita daga gonata da rigar wani. In za ta zo maka, da sunanta za ta zo."

Kun ji fa. Wanda ba Musulmi ba ya faɗa masa gaskiya tsirara, ya kuma ƙi taya shi ɓoyo. Ba Tanyus ne ya yaudare shi ba. Gassan ma iyakarsa ajiye kwalba. Mai yaudarar yana cikin ƙirjin Mu'allim, yana sallah tare da shi.

Da a ce sai ya taka da ƙafarsa zuwa shagon da ake sayar da giya, ya tsaya a gaban kanta, ya buɗe baki ya tambaya, ya fito da leda a hannu a garin da kowa ya san fuskarsa, na rantse muku da ya mutu bai sha ba. Da kunya ta tsare shi. Amma zamani ya kawo sauƙi. Tanyus yana da tsarin aika wa masu saye kwali duk wata ta hannun kamfanin kai saƙo, har ƙofar gida. Kwalin Mu'allim yana zuwa tare da sauran kayan shago, a naɗe, ba wanda ya san na ciki. Mai kawo saƙon ma har cewa yake, "Mu'allim, a sa mu a addu'a." Shi kuma ya amsa, ya miƙa masa kunafa mai zafi. Abin da Tanyus ya ƙi yi, sai ya yi da hannunsa. Ya kulle ƙofa, ya juye farar giyar cikin korayen kwalabe, ya jera su a kanta ɗaya da ruwan wardi da ruwan fure. Wa zai bambanta su in ba shi ba?

Ba zan ɓoye muku ba, ya ji daɗinta. In na ce bai ji ba na yi ƙarya, kuma wa'azin da aka gina a kan ƙarya ba ya shiga zuciya. Bayan azahar, ƙofa a sauke, kasuwa ta yi tsit, yakan zauna da ɗan cuku da zaitun da kofinsa. Ba ya kwankwaɗa, kurɓa yake a hankali yana juya ta a baki. Cikin 'yan watanni ya fi masu shekaru a kanta saninta. Yakan kira Tanyus ya ce, "Ta wannan watan daga gangaren da ke kallon teku take, ko?" Tanyus ya ce, "Tabɗi! Wallahi daga can take." Basirar da Allah ya ba shi don ya ciyar da mutane halal, ga inda ya kai ta.

Fara'arsa ta dawo. Ya koma tsokanar Abu Zuhair tun kafin a tsokane shi. Wata rana Nuhad ta dube shi a kan abinci ta ce, "Alhamdu lillahi, ka dawo mutum. Addu'ar da nake yi maka ce Allah ya karɓa." Ya ture farantin abincin. Ya yi niyyar bari a ranar. Kwali na gaba da ya zo, ya sa hannu ya karɓa.

Ya tsara abinsa da dabara. Ba ya sha sai ya yi azahar, kuma yana tauna 'ya'yan hel, wannan ɗan ƙamshin da suke sa wa gahawa, kafin ya fita la'asar. Rabin kofi ya zama kofi. Kofi ya zama biyu, domin ai babu sukari. La'asar ta fara kuɓuce masa a jam'i, ya ce ƙafa ce ke ciwo. Ma'aikata suka lura ruwan sukarin shago wani lokaci ƙamshin fure ya yi masa yawa, wani lokaci babu sam, amma wa zai gyara wa Mu'allim? Wata rana tukunya ta kama har hayaƙi ya fito, yana tsaye kusa da ita bai ji ba. Ya ce mura ce.

Haka aka tafi har watan Maulidi ya kama.

Ranar, tun asuba shago ya cika. Ga masu sayen alewar da ake raba wa yara, ga farantan da gidaje suka yi oda, ga tutoci a kan layi. Mu'allim bai zauna ba har azahar ta wuce. Da ya shiga ɗakin ajiya don ya cika buta, hannunsa na rawa don gajiya. Zuciyarsa ta ce, yau dai ka haƙura, yau ranar Manzo ce. Wata zuciyar ta ce, da wannan hannun mai karkarwa za ka bi sahu? Kurɓi kaɗan ka daidaita. Ya kurɓa, ya ƙara, ya cika bakinsa da hel. Ya sake alwala, ya ɗauko butar daga cikin ƙyallenta.

Ya miƙa hannu kanta ya ɗauko kwalba, ya buɗe, ya kai hanci kamar kullum. Me zai ji? Bakinsa giya, numfashinsa hel, ita kuma butar ta sha ruwan fure tun zamanin kakansa, ko babu komai a cikinta ƙamshi take. Ya ji ƙamshin fure, ya yi bisimilla, ya ɗura ta siririn wuyan nan har ta cika. Ya sa farar riga ya nufi masallaci, mutane na ba shi hanya.

Aka yi la'asar, aka fara karatu. Da aka kai wurin haihuwa, masallaci ya miƙe da salati, har tsikar jikin mutum na tashi. Mu'allim ya fara da Liman Abdulwadud, tsoho mai farin gemu wanda ya yi masa huɗubar aure. Liman ya tara hannu biyu, ya shafa a fuska da gemu. Dattawan sahun farko suka shafa. Wani ya ɗago jikansa aka yayyafa masa a ka. Ruwan na ɗiga a kan darduma, Mu'allim na tafiya yana salati, idonsa har da ƙwalla.

A sahu na biyu salatin ya fara rauni. Mutane na sunsuna tafin hannunsu suna kallon juna. Yawancinsu ba su san warin ba, sun dai ji ba shi ba ne. Sai aka zo kan Abu Zuhair, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a ƙuruciyarsa, ya ga duniya. Ya kai hannu hanci, ya ɗago a firgice.

"La ilaha illallah! Jama'a, wannan giya ce!"

Salati ya tsaya cak. Sai hayaniya ta ɓarke. Masu goge fuska da hannun riga na yi, masu tofar da yawu na yi, uban yaron nan ya tuɓe rawaninsa yana dirje kan ɗansa. Mu'allim ya tsaya da buta a hannu. Ya ɗiga a tafinsa ya lasa. Harshen bai ci amanarsa ba.

Ku lura da wannan, ya 'yan uwa. A duk masallacin nan babu mutum ɗaya da ya zarge shi. Ko ɗaya. Abu Zuhair da kansa ne ya riƙe masa kafaɗa yana cewa, "An cuce ka, Mu'allim! Wa ke kawo maka ruwan fure?" Wani daga baya ya amsa: "Tanyus ne, na kan tudu! Kuma giya yake yi, kowa ya sani!" Shi ke nan. Magana ta zama Kiristocin tudu sun aiko da giya a zuba wa Musulmi a fuska ranar Maulidi, a cikin masallaci. Matasa suka yi waje, aka fara tayar da babura. Wani na kiran a kawo fetur. Kuma wannan ƙasa ce da ta san abin da irin wannan magana take haifarwa, kowane gida akwai hoton wanda aka rasa a yaƙin basasa.

Liman Abdulwadud ya ɗaga hannu aka ɗan lafa. Ya dubi Mu'allim da tausayi ya ce, "Ɗana, a rufe kwalbar ta zo maka, ko? Ba ka sani ba?"

Gyaɗa kai kawai ake nema daga gare shi. Da ya gyaɗa, da ya fita a wanda aka zalunta, butarsa na hannunsa, Wa'il ya gaje ta. Babu mai shaida a kansa. Ya ji ƙarar baburan nan a waje. Ya tuna tsohon da ya ce masa ba ma yi wa juna ƙarya, yana can shi da matarsa a cikin inabinsu, ba su san me ke tahowa ba.

Ya ce, "A tsayar da yaran nan." Murya ba ta fita ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, har ta fashe. "A tsayar da su! Tanyus bai yi komai ba. Giyata ce. Ni na saya, ni na juye ta a kwalbar fure da hannuna, shi ƙin yi mini hakan ma ya yi. Na kusa shekara ina sha. Yau ma na sha kafin in zo."

Aka ji baburan waje suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abu Zuhair ya janye hannunsa daga kafaɗarsa a hankali. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Liman ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemun da aka jiƙa masa, ya wuce wurin alwala. Jama'a suka bi shi. Aka bar Mu'allim shi kaɗai a tsakiyar masallaci.

Washegari ya zo da kansa ya naɗe dardumomin, ya fitar da su tsakar gida, ya durƙusa yana wankewa da burushi. Mutumin da alƙalai ke bin layinsa, ga shi gwiwa a ƙasa cikin kumfa, 'yan kasuwa na wucewa suna kawar da kai. Wasu sun so su taya shi, ya ce a'a. Ya fasa kwalaben kantarsa gaba ɗaya, na giya da na fure. Bai sake sha ba har ya koma ga Allah, wannan Nuhad ta shaida, kuma ba ta bar shi ba.

Amma tuba daban, amanar mutane daban. Layin safe ya ragu, ya ragu, har ya ƙare. Ba ƙiyayya ba ce. Mace za ta tsaya a bakin shago ta kalli farantin, ta tuna ruwan sukarin nan daga wace kanta ake ɗiga masa ƙamshi, sai ta wuce. Farantan da ya aika gidajen marayu da Sallah ma, wasu an dawo da su da godiya. Kafin shekara ta zagayo ya sauke ƙofar shagon kakansa, bai sake ɗagawa ba.

Dattawan unguwa suka zauna suka yanke cewa buta ta bar gidan. Wa'il ya kira daga Kuwait. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Baba, na riga na gaya wa ɗana wata rana shi zai riƙe ta. Yanzu me zan ce masa?" Mu'allim ya riƙe wayar har ta katse.

An so a aiko a karɓi butar don a rage masa kunya, ya ce shi zai kai. Ya naɗe ta a ƙyallenta, ya ratsa kasuwa da rana tsaka, ya kai ta gidan wani mai sayar da turare da aka zaɓa. Ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Shawara ɗaya zan ba ka. Kada ka cika ta kai kaɗai. Ka cika ta a ƙofar masallaci, mutane na gani, a ba kowa ya sunsuna."

Haka ake yi a unguwar har yau. Kuma duk shekara sai an samu yaron da ya ja rigar ubansa ya ce, "Baba, me ya sa ake sunsunawa?" Uban ya sunkuya ya raɗa masa suna. Jikokin Mu'allim suna cikin sahun, suna ji.

Ya 'yan uwa, me ya kai wannan bawan Allah ga haka? Ba mugunta ba ce. Suna aka canza wa haram, ya yarda. An ce masa zalla ce, an ce babu sukari, an ce tsabtatacciya ce, kuma duk gaskiya ne. Amma yaushe aka ce don sukari aka hana ta? Abin da ke juya hankali, ko daga gonar waliyyi ya fito, hukuncinsa ɗaya, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Yau kuma ga shi an ɗauke mana wahalar zuwa, an ɗauke mana kunyar ido. Ka latsa waya, a kawo maka har ɗaki, mai kawowa na neman addu'arka. To in idon mutane ne kaɗai katangarka, ka sani an riga an rushe ta. Wace ta rage maka?

Kowannenmu ya duba kantarsa. Wace kwalba ce ka jera cikin masu tsarki, ka ce ai kai kaɗai ka san ta, ba za ka taɓa rikicewa ba? Mu'allim ma haka ya ce, kuma ya fi ka hanci.

Duk da haka, ni ina yi masa kyakkyawan zato a wurin Ubangiji. An ba shi ƙarya a kyauta, wadda za ta wanke shi tas, ya ƙi karɓa don kada a taɓa maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba. Mu nawa ne a nan za mu iya? Ya rasa duk abin da yake taƙama da shi a duniya cikin numfashi ɗaya, da bakinsa, yana sane. Ina roƙon Allah ya sa wannan ne kaffararsa.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya rufa wa zuriyarsa asiri. Allah ya kiyaye mu daga zunubin da ke zuwa mana a naɗe, ya kiyaye mu daga yaudarar kanmu. In kuwa mun zame, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya kafin wani ya biya bashin laifinmu. Amin.